Gurbin Sunan Miji

Hammawa ɗan wata ruga ne da ke bayan Fulatan, ta wajen Rogo. Yana wata bakwai uwarsa ta rasu, sai ƙanwar ubansa, Yelwa, ta goya shi. Ya tashi a ɗakinta yana ce mata Goggo, mijinta Abdulsalami kuma yana ce masa Baffa. Da aka aiko daga gidan dagaci cewa kowace ruga ta ba da yaro ɗaya a sa shi boko, dattawa ba su daɗe suna shawara ba. Suka duba wanda kiwo ba zai yi rashinsa ba, suka miƙa Hammawa, don shi ne shanu ke shiga gonar gyaɗar mutane yana tsugune yana ƙirga tururuwa.

Ya yi firamare a Rogo, ya yi sakandare, ya koyi buga tafireta a Kano. A shekarar 1991 wani shiri na kula da lafiyar dabbobi, irin waɗanda ake kawo kuɗinsu daga waje, ya buɗe ofis a Karaye, aka ɗauke shi akawu. Da aka kawo kwamfuta ofishin, tsohuwa wadda hedikwatar Kano ta gaji da ita, babu wanda ya yarda ya taɓa ta. Aka tura Hammawa kwas na wata uku. Ya dawo da wani littafi mai baƙin bango da wata sabuwar ɗabi'a: kafin ya amsa tambaya sai ya yi jim, kamar yana jiran injin ya gama.

Aikin nasa ba mai wuyar faɗa ba ne. Malaman da ke zagaya ƙauyuka su kawo takardu, Lami mai buga takardu ta shigar da su layi-layi, shi kuma ya rubuta wa injin umarnin da zai bi layukan ya fitar da lissafin kowane ƙauye. Tsakanin mutum da injin akwai wata 'yar aike da ake kira shel. Ita ke karɓar layi ta yanyanka shi kalma-kalma kafin ta miƙa ciki. To shel ɗin ba ɗaya ba ce. Ta injin Karaye tsohuwa ce, ta injin Kano sabuwa, kuma kamar mahauta biyu ne aka ba su rago: kowa zai raba, amma ba a gaɓa ɗaya wuƙarsu ke sauka ba.

Abin da Hammawa ke taƙama da shi a duniya shi ne ya rubuta umarni guda, a ɗauke shi a faifai daga Karaye a kai Kano, ya yi aiki ba a canza ko ɗigo ba. Tun da wuri ya gano cewa in ka bar shel ta yanka duk inda ta ga fili, za ta raba Tudun Kaya gida biyu, rabi ya zauna a gurbin ƙauye, rabi ya faɗa gurbin yawan shanu. Sai ya hana ta, ya ce kada ta yanka sai inda ta ga ruwa biyu, ɗigon nan biyu ɗaya bisa ɗaya. Layin kowane mutum ya zama haka:

Sulle:Muntaka:Tudun Kaya:23

Suna, sunan uba, ƙauye, yawan shanu. Gaɓa huɗu. Layin da bai cika huɗu ba umarnin ya tsallake shi, don alama ce hannun Lami ya zame. Duk bambancin da ya kama tsakanin shel biyun sai ya rubuta a baƙin littafinsa. Kafin shekara uku ya tara talatin da wani abu.

Shugaban ofishin Alhaji Gwadabe ne, mai murya irin ta mai shela ranar kasuwa, wanda ko gaisuwa yake sai an jiyo shi a titi. Bai taɓa kiran Hammawa da sunansa ba. Ɗan Fillo yake ce masa, ranar da ransa ya yi fari kuma ya ce Injiniyan Ruga. In baƙi suka zo daga Kano yakan kai su ɗakin injin ya tura ƙofa ya nuna shi, ya ce su duba, kakanninsa da sanda aka san su, ga shi yau yana kiwon haruffa. Baƙin su yi dariya, Hammawa ya miƙe ya gaishe su.

Da ranin 1995 aka fara jin ciwon huhu ya ɓulla a shanun da ke shigowa ta yamma. Hedikwata ta ce za a yi rigakafi, amma allurar kaɗan ce, kuma sai a akwatin ƙanƙara take tafiya, don haka kowane ƙauye za a aika masa daidai adadin da injin ya fitar. Saniyar da ba ta cikin lissafi ba ta da allura.

Lokacin maza sun riga sun yi kudu da garke, har da Baffa Abdulsalami. Abin da ya rage a rugage shanun tatsa ne, kuma yawancinsu na mata ne. Goggo Yelwa na da goma sha ɗaya. Su ne nononta, su ne cefanenta, su ne abin da ta tara tun daga karsanar da ubanta ya ba ta ranar da aka kai ta ɗaki.

Malam Barau aka tura ya rubuta shanun Fulatan. A takardar da aka ba shi, in mace ce mai shanun, sunan mijinta ake sawa a gurbi na biyu. Daga baya da aka tambaye shi, ya ce shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa: duk wadda ya tambaya sunan maigidanta sai ta ja mayafi ta rufe baki, sauran su yi ta dariya, wata ma ta shige bukka. Ya ce shi kansa bai taɓa jin tsohuwarsa ta ambaci sunan babansa ba, don haka bai matsa ba, kuma ba a ruga zai kwana ba. Ya bar gurbin fili. Lami ta buga abin da ta gani.

Ranar Litinin Hammawa ya saki umarninsa a kan layi dubu biyu da ɗoriya. Firinta ta yi ta kuka har azahar. Alhaji Gwadabe ya sa hannu, direba ya tafi da takardun Kano. Ranar Talata bayan la'asar, aiki ya lafa, Hammawa ya ɗauko kwafin Fulatan, ba don komai ba sai marmarin ganin sunan Goggonsa a bugun inji. Ya bi da yatsa har ƙasa. Ya koma sama ya sake bi. Babu Yelwa. Babu Tasalla, babu Barira, babu Kande matar Arɗo, duk waɗanda ya sha nono a ƙwaryarsu.

Ya buɗe layukan Lami. Ga ta nan daram:

Yelwa::Fulatan:11

Washegari ya wuni a kan wannan layin. Sabuwar shel in ta ga ruwa biyu sau biyu a jere, takan gane akwai gurbi a tsakani, ta ƙirga shi ko da babu komai a ciki. Tsohuwar kuwa haɗe su take ta ɗauka ɗaya ne. A wurinta layin Goggo gaɓa uku ne, kuma shi da hannunsa ya rubuta cewa mai uku a tsallake. Ya gwada umarnin a injinan biyu tun bara, amma da sunayen manoman da aka raba wa taki ya gwada, maza zalla, kowa da sunan ubansa. Wannan bambancin babu shi a baƙin littafi.

Gyaran bai kai layi uku ba. Kafin shel ta sa wuƙa, a bi layin a cusa ɗan karan ɗori a duk gurbin da yake fili, yadda tsohuwa da sabuwa duk za su ga abu a wurin. Ya sake sakin umarnin, sunayen suka fito. Sauran kwana tara a yi allura a Fulatan.

Ya samu Alhaji Gwadabe yana cin gyaɗa a ofis. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi iyali, sannan ya ajiye takardar.

"Ranka ya daɗe, layi sittin da ɗaya injin ya tsallake, duk mata ne. Shanu ɗari huɗu da tara. Na gyara. Hannunka kawai ake so, direba ya koma da shi gobe."

Alhaji bai taɓa takardar ba. Ya tambaye shi wa ya rubuta umarnin, ya ce shi ne. Ya tambaye shi wa ya sa hannu a na ranar Litinin, ya ce ranka ya daɗe. Kowa a ofishin ya san a watan ne ake duba takardun Alhaji don a mai da shi hedikwata mataimakin darakta.

"To ka gani, Ɗan Fillo. Kai ka yi ɓarnar, ni kake so in ɗora a tire in kai Kano da kaina. Matan naku da sunan miji ya fi ƙarfin bakinsu, su je su yi wa shanun wannan bayanin."

Hammawa ya ce har da wadda ta raine shi a ciki. Alhaji ya ce ashe ma abin na gida ne, ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya karɓi mukullin ɗakin injin ya jefa a aljihu.

Faifan da ke ɗauke da umarnin da layukan Lami yana aljihun Hammawa. Ranar Alhamis da sassafe ya hau motar Kano ba tare da izini ba. A hedikwata mai kula da injuna wani saurayi ne, Lukumanu, mai taushin murya, wanda ya yi digirinsa a waje kuma ba ya bari a manta. Ya saurare shi har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya ce a kawo umarnin ranar Litinin, wanda ba a gyara ba, a gani. Ya sa faifan, ya danna. Sunaye suka gangaro, ga Yelwa, ga Tasalla, ga Barira, duk sittin da ɗayan.

Hammawa ya ce ai maganar ke nan, a nan zai yi aiki, a Karaye ne ba ya yi, shel ɗin ba ɗaya ba ce. Ya roƙi a bar shi ya zauna ya kira tsohuwar ya nuna. Lukumanu ya matsa masa kujera. Hammawa ya kira tsohuwar da sunanta. Sai dai a injin Kano an daɗe da cire ta, ko ka kira tsohuwar sabuwar ce ke amsawa. Sunayen suka sake fitowa cif. Ya sake, suka sake fitowa. Ma'aikata biyu da suka taso kallo suka fara murmushi.

"Malam, umarninka lafiya lau yake, ka ma iya rubutu," in ji Lukumanu. "In sunaye sun ɓata a Karaye, hannu ne ya cire su."

Haka ya rubuta a rahotonsa. Hammawa ya ce to ko ma mene ne, ga adadin gaskiya a gabansu, a ƙara wa Fulatan allura ɗari huɗu da tara. Aka tura shi wajen mai sito, mai sito ya ce an gama rabo bisa takardun da aka sa wa hannu, ɗan abin da ya rage ba a taɓa shi sai darakta ya ce. Darakta ya ce tunda magana ta zama ta cire sunaye, ba zai saki ko kwalba ɗaya ba sai kwamiti ya bincika. Kwamitin zai zauna bayan sati uku.

Kafin Hammawa ya iso Karaye waya ta riga shi. Alhaji Gwadabe bai yi faɗa ba, wanda ya ba kowa mamaki. Ya ce kawai ranar allurar Fulatan Injiniyan Ruga ya shirya, shi zai riƙe lasifika, tunda ya fi kowa iya faɗin sunayen danginsa.

Ranar aka kafa shingen katako a gindin wata ɗorawa a bayan gari. Tun hantsi shanu suka cika filin, na ƙauye da na rugage, har da baƙin da suka shigo ta yamma, wasunsu na tari ƙasa-ƙasa. Hammawa ya so ya aika wa Goggo kada ta fito da nata, amma shelar dagaci ta riga ta zaga cewa duk mai saniya ya kawo, wanda ya ƙi a ci shi tara. Ta zo da su goma sha ɗaya, ta tsaya da su a tsakiyar taron, ta hango shi da lasifika a hannu ta nuna wa Tasalla shi da haɓa.

Ya yi ta kira. A kira mutum, ya koro nasa, Ɗanmaliki mai allura ya soka, a ɗiga wa saniya shuɗin fenti a gadon baya. Azahar ta yi, aka yi salla aka dawo. Matan suna tsaye a rana, maruƙa na kuka. Da ya kai sunan ƙarshe ya sauke lasifikar, filin ya rage su kaɗai da shanunsu marasa fenti.

Ya zaga wajen Ɗanmaliki ya roƙe shi a hankali, ko goma sha ɗaya. Ɗanmaliki ya buɗe akwatin ya nuna masa, ƙanƙara ta narke, kwalabe duk wayam, ya ce a ƙirge aka ba shi a ƙirge zai mayar.

Goggo ta tako har gaban teburin. Ta gaida Alhaji da Hausarta mai karin Fillanci, ta yi masa sannu da rana, sannu da aiki, ta tambayi mutanen gida, sannan ta ce ko an manta da takardar mata a mota. Alhaji ya amsa gaisuwar duka, bai rage ko ɗaya ba. Sannan ya karɓi lasifikar daga hannun Hammawa, ko da yake tana gabansa taku biyu.

"Inna, mu baƙi ne a nan, ba mu san kowa ba. Ga ɗanku, shi ke da injin, shi ke sa suna shi ke cirewa. Kano ma sun rubuto sun ce da hannu aka cire. Ku tambaye shi abin da kuka yi masa."

Babu wadda ta tambaye shi. Kande matar Arɗo ta tofar da yawu ta juya shanunta, sauran suka bi. Goggo ce ta ƙarshe. Ta dube shi, ta dubi takalmansa, ta kaɗa nata ta tafi.

Kwamitin ya zo Karaye a sati na huɗu. Hammawa ya kwana biyu yana shirya yadda zai nuna musu: layi ɗaya kawai, a tsohon injin, a gabansu. Da aka buɗe ɗakin sai ya ga an share ƙura, an canza wa injin mayafi. Ashe Alhaji ya roƙi hedikwata a zo a duba masa injin kafin baƙi, Lukumanu ya zo ranar Asabar ya sauke duk abin da ke ciki ya ɗora irin na Kano. Hammawa ya saki umarnin ranar Litinin a gaban mutum biyar, sunayen matan suka fito reras. Ya miƙa musu baƙin littafinsa. Shugaban kwamitin ya juya shafi biyu ya ce wannan ai kamar hatimi ne, ya tura masa abinsa.

Suka tambaye shi ko akwai rigimar gado tsakaninsa da mutanen rugar. Suka tambaye shi ko wani ya yi masa alkawarin sayen allurar. Takardar sallama ta fito ranar Laraba, an rubuta cewa ya taɓa bayanan shirin da gangan. Bayan wata biyu hedikwata ta aika wa duk ofisoshinta sanarwa cewa daga yau a riƙa cusa karan ɗori a duk gurbin da yake fili kafin injin ya karanta, bisa shawarar mataimakin darakta, Alhaji Gwadabe. Lami ce ta ba shi kwafin gyaran daga cikin dirowar Hammawa.

Ciwon kuwa bai jira kowa ba. Sati biyar bayan taron ɗorawa saniyar farko ta Goggo ta daina tuƙa. Ta tsaya ta miƙe wuya, ta ware ƙafafun gaba, tana nishi kamar mai ɗauke da kaya. Ta biyu ta bi ta. Ƙarin allurar da darakta ya saki daga baya ya iso Fulatan, Ɗanmaliki ya duba shanun ya ce rigakafi ba ya yi wa wadda ta riga ta kamu komai, ya mai da kwalabensa akwati. A rugar Arɗo an yi asarar talatin. Na Goggo suka yi ta tafiya da ɗaya da biyu.

Hammawa bai je ba sai da Tasalla ta aiko masa cewa saura ɗaya, ta kwanta, kuma babu namijin da zai yanka kafin ta zama mushe. Ya iso da hantsi. Ya yi sallama a bakin shinge, Goggo ta amsa, ta tambaye shi hanya, ta ba shi ruwa. Sannan ta miƙa masa wuƙar Baffa.

Farar saniya ce, jikar karsanar auren Goggo. Ya juya ta gabas, ya yi bisimilla, ya yanka. Da ya buɗe ƙirjin sai ruwa rawaya ya kwararo, huhun ya manne da haƙarƙari ya yi tauri. Maikuɗi mahauci da aka kira daga Fulatan ya leƙa ya toshe hanci ya ce fatar kaɗai zai ɗauka.

Hammawa ya tsuguna da jini a hannu ya fara yi mata bayani. Ya zana layi a ƙasa da tsinke, ya ɗiga ɗigo biyu, ya ƙara biyu, ya nuna mata filin da ke tsakani. Ya ce bai cire ta ba, wallahi bai cire kowa ba, injin ne bai ga sunan Baffa ba sai ya ɗauka layin ya lalace. Ta bar shi har ya gama. Ta ce ita ba ta taɓa yarda ya cire ta ba, ko ranar ɗorawa.

"Injin bai san sunansa ba, na ji. Barau bai sani ba. Kai fa, Hamma? A gidansa ka yi haƙori. Takardar ta kwana nawa a ɗakinka ba ka duba ba?"

Ta ce ya wanke wuƙar ya ajiye a inda ya san ana ajiyewa, kuma ya kama hanya kafin rana ta yi zafi. Ta ƙara da cewa damina ta kusa, maza na hanya, gara kada su same shi a nan.

Da Baffa ya dawo ya ba ta saniya ɗaya aro daga garkensa, amma ba ta sake kai nono kasuwar Rogo ba. Hammawa ya nemi aikin inji a wurare uku, duk suka nemi takarda daga inda ya baro. Ya sayi tsohuwar tafireta ya kafa tebur a ƙofar tashar motar Rogo, yana buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki. Ranar kasuwa matan rugagen Fulatan sukan wuce ta gabansa da ƙore a ka. Yakan miƙe ya gaishe su. Wasu suna amsawa.